Mai-guga da malamar cikin waya

Shagon Mai-guga yana layin bayan tashar mota, a matse tsakanin shagon Tela da na mai gyaran waya. Ba wani girma gare shi ba. Tebur ne da aka shimfiɗa wa tsohon bargo, da dutsen guga biyu, na lantarki da na gawayi saboda ranar da aka ɗauke wuta, da igiyar rataye kaya, sai kanta guda a jikin bango inda gwangwanin sitati yake zaune kusa da wata 'yar talabijin. Da teburin nan ya yi aure, da shi ya raini ɗansa ɗaya tilo, a kansa kuma furfura ta same shi bayan ya binne matarsa. Hannuwansa sun nuna aikin. Yatsun sun yi kauri, gaɓoɓin sun ƙage, babu wanda ba shi da tabon ƙuna.

Bai yi nisa a boko ba. In an rubuta abu da manyan baƙaƙe yakan haɗa shi a hankali, sauran abin da ya sani na duniya kuwa daga gidan talabijin na ƙasa ya tsinto shi, yana guga yana saurare. Ya san lokacin labarai, ya san na shirin manoma ko da yake bai taɓa riƙe fartanya ba, ya san na likita mai amsa tambayoyi. Shekara da shekaru talabijin ta koya masa ladabi guda, wato kowane shiri da lokacinsa, kuma ba ya jiran kowa. In ka makara ya wuce, sai dai in masu gidan sun ga dama su yi maimaici.

Ɗan nasa direban bas ne, kowa Direba yake ce masa. Da aka haifa wa Direba 'yar fari sai aka sa mata sunan mahaifiyar tsohon, saboda haka bakinsa bai taɓa kama sunan ba, Uwata yake kiranta. Ita kuwa ba ta taɓa jin kiran ba. Wani zazzaɓi mai zafi ya tafi da jinta tun tana rarrafe. A gida suka ƙago mata 'yan alamu na hannu, zo, ci, bari, kwanta, da su aka yi ta lallaɓawa har ta kusa shekara goma. Uwarta ce ta tsaya kai da fata sai da aka kai ta makarantar kurame ta kwana a wani gari.

Da aka yi dogon hutu ta dawo, sai ga hannuwanta cike da magana. Tun daga bakin ƙofa ta ruga wurin ubanta, yatsu na tashi kamar tsuntsaye. Akwai wata alama da ta yi ta maimaita masa, tana nuna shi tana jira. Direba ya yi murmushi, ya shafa kanta, ya kai hannu baki, wato ta zo ta ci abinci. Ta gwada uwar, ita ma hakan. Ba a daɗe ba ta daina. Sai ta koma bakin taga ta zauna, ta juya wa ɗaki baya, tana magana da hannuwanta a cinya.

Abin ya ci Direba, don yana son 'yar nan kamar ransa. Wata ranar da ba shi da aiki ya zo shago ya tsaya a ƙofa, ya yi ta kewaye-kewaye a kan tsadar taya da halin fasinja, sannan ya sauke abin da ya kawo shi.

"Baba, na kai 'yata makaranta, sun dawo mini da baƙuwa. Ba za ta koma ba. Ta zauna a gida ta manta da wannan, ta dawo irin tamu."

Mai-guga bai ɗago ba sai da ya kai ƙarshen hannun rigar da ke gabansa, ya jingine dutsen.

"Irin tamu wacce? Ci da kwanta? Ai ko akuya ana yi mata wannan."

Direba ya ce shi dai ya gama magana, 'yarsa ce, kuma babu amfanin yaren da ba mai jin sa a gidan su. Tsohon ya ce to ashe ba yaren ne da laifi ba, gidan ne. Ya ce kafin a koma makaranta shi zai zauna da Uwata su yi hira da hannu a gaban ubanta, in kuwa ya yi, yarinya za ta koma. Direba ya dubi yatsun nan masu kama da guntayen itace, dariya ta kusa ƙwace masa, ya danne saboda girman uba. Ya ce in har Baba ya yi, shi da kansa zai kai ta.

Ba a banza tsohon ya buɗe baki ba. Ya sha jin mai gabatarwa tana faɗa bayan labarai cewa gidan talabijin yana da shafi a intanet, an zuba darussa kyauta ga mai so, lissafi, karatu, kiwon lafiya, har da maganar hannu. Da can maganar takan wuce ta kunnensa kamar tallan sabulu. Yanzu ya ɗauki wayar da Direba ya saya masa, wadda ban da amsa kira ba ya yin komai da ita, ya shiga wurin maƙwabcinsa.

Mai gyaran waya mutum ne da kullum kansa a sunkuye yake, ga mutane tsaye a kansa kowa na cewa tasa aka fara kawowa. Ya karɓa, ya latsa nan ya latsa can, ya nemo darasin farko, ya ajiye masa wata 'yar alama a fuskar wayar, ya ce nan kawai zai riƙa taɓawa. Mai-guga ya tambaya yaushe ake farawa. Mutumin, ba tare da ya ɗago ba, ya ce ai ga shi nan ana yi. Aka duba, ga wata malama cikin shuɗiyar riga tana ɗaga hannu. Dawowar tsohon ke nan daga sallar la'asar, sai ya riƙe a ransa: shirin bayan la'asar ne.

Daga ranar, da ya dawo daga la'asar sai ya zare dutsen guga daga wuta, ya wanke hannu, ya jingina wayar da gwangwanin sitati, ya taɓa alamar, ya ja kujera baya ya zauna kamar yadda ake zama gaban talabijin. Ba ya ƙara kai hannu kusa da ita, don mai hankali ba ya taɓa gilashi ana cikin shiri. Malama ta yi gaisuwa, ya yi. Ta nuna yadda ake tambayar lafiya, da yadda ake amsawa, da yadda ake ce wa mutum yaya sunanka. Akwai muryar da ke fassarawa, ita yake bi. Da malama ta ɗaga hannun sallama sai ya kashe wayar ya mayar aljihu.

Ranar farko yatsunsa suka ƙi. Wanda aka ce ya miƙe sai ya lanƙwashe, wanda aka ce ya kwanta sai ya tsaya ƙiƙam. Kafin ya shawo kan ɗaya malama ta wuce uku. Ya kwana da takaici. Washegari da ya buɗe sai ya ga darasin jiya ne aka sake, ya ce madalla, mutanen nan sun san akwai irinsa, maimaici suka yi. Jibi ma haka. Ya gode musu har zuciya.

Tela kuwa ya samu abin yi. Tsakaninsu dama ba a rabuwa da tsiya, shekara da shekaru ɗaya na cewa ɗinkin ɗaya karkatacce ne, ɗayan na cewa guga ce ta karkatar da shi. Yakan leƙo da tsinken allura a baki ya ce wa masu wucewa su zo su ga tsoho yana korar ƙuda da ladabi. Wani lokaci ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wannan kuwa ko a murhu sai an yi da gaske. Sau ɗaya kawai Mai-guga ya ce masa, "Kai da kake da baki da kunne, me ka taɓa faɗa da aka ƙaru?"

Masu kaya ma sun ga canji. Wani ma'aikacin ofis ya zo a gurguje yana son a buga masa riga zai shiga taro, tsohon ya ce malama ta shigo, ya dawo anjima. Mutumin ya duba shagon bai ga kowa ba, ya kwashi rigarsa ya tafi, bai sake dawowa ba. Mai-guga ya ce Allah ya haɗa kowa da rabonsa.

Sannu a hankali yatsun suka saki. Yakan jiƙa su a ruwan ɗumi da safe, yana murza gaɓoɓin. Ya iya gaisuwa, ya iya tambayar lafiya, ya iya tambayar suna, har ya zama yana riga malama kai hannu. Amma malama ba ta wuce nan ba. Kullum shuɗiyar rigar nan, kuma idonsa na mai sana'a ya daɗe da ganin wata 'yar yamutsa a kafaɗarta ta hagu, inda wani ragon mai guga ya tsallake. Kullum yamutsar na nan. Ya gaya wa Tela cewa gidan talabijin guda a rasa mai buga wa baiwar Allah riga. Tela ya ce wataƙila ita ma bayan la'asar mai gugarta yake rufe shago.

Hutu ya raba tsakiya, ya gangara. Tun yana godiya da maimaicin har ya fara ƙosawa. Wata rana ya kasa haƙuri ya ce wa wayar, "Baiwar Allah, mun iya. Ki wuce gaba, akwai mai jira." Malama ta yi murmushinta na kullum ta sake gaishe shi. Bai koma wurin mai gyaran waya ba, don a ganinsa me mai gyara zai iya a kan tsarin shirye-shiryen gidan talabijin? Abin da ya sani shi ne a jira. Bai kuma gaya wa Uwata ba, yana so sai ya cika hannu kafin ya tsaya gabanta.

Ana cikin haka surukarsa ta biyo da wata jaka a ɓoye cikin mayafi. Kayan makarantar yarinyar ne, ta wanke su ba da sanin mijin ba. Ta durƙusa ta ce, Baba, ko za a adana mata a nan, don mai gidan ya ce kada ya ƙara ganin su. Tsohon ya ce shi ba ma'aji ba ne, mai guga ne. Ya sa musu sitati, ya fitar da kari kamar bakin wuƙa, ya rataye su a gaban shago, daidai inda bas ɗin Direba yake bi in ya fito daga tasha. Direba ya gani. Ya daina yin hon ɗin gaisuwa da ya saba yi in ya zo wucewa.

Saura 'yan kwanaki a koma, da hantsi, aka aiko Uwata da abincin kakanta. Ta hango kayanta suna lilo a igiya, ta tsaya cak da kwano a hannu. Mai-guga ya ga ba sauran abin ɓoyewa. Ya ajiye dutse, ya goge hannu a jikin riga, ya gaishe ta. Ya tambayi lafiyarta. Babu inda yatsa ya kauce.

Saura kaɗan kwanon ya faɗi, murfin kam sai da ya kai ƙasa. Ta dire shi, ta amsa, sannan duk abin da ta tara tun farkon hutu ya ɓalle. Hannuwa na gudu, fuska na magana, tana nuna kayan, tana nuna hanya, tana dariya hawaye na zuba. Shi kuwa ya tsaya kamar wanda ya buɗe famfo ba shi da bokiti. Da ta lura, ta tsagaita ta tambaye shi da ido. Ya zaro wayar ya nuna mata alamar, ya nuna rana a sama, ya karkatar da hannu yamma, wato sai anjima ake yi.

Yarinyar ta karɓi wayar ta taɓa. Sai ga malama, da hantsi tsaka, da shuɗiyar rigarta da yamutsarta. Kafin tsohon ya rufe baki, Uwata ta ɗora yatsa a gilashin, malama ta daskare da hannu a sama. Ta ja ta baya, malama ta sake abin da ta yi. Sannan ta tura hoton sama, sai ga wasu ƙananan hotuna a jere a ƙasa, ta yi ta turawa ba su ƙare ba. Ga malama cikin jar riga, ga ta cikin fara, ga wani malami namiji, ga darasin 'yan uwa, na kasuwa, na asibiti, na makaranta. Duk suna nan tun ranar farko, ƙasa da inda idonsa yake tsayawa da faɗin yatsa.

Mai-guga ya nemi kujera ya zauna. Tela, da ya leƙo tun faɗuwar murfin kwano, ya buɗe baki zai yi abin da ya saba, ya dubi fuskar abokinsa, ya mayar da allurarsa baki ya koma. Tsohon ya daɗe yana kallon hannuwansa. Hutu guda ya ƙare a bakin ƙofa yana sallama, alhali gidan a buɗe yake. Da ya miƙe sai ya kashe gawayi, ya ce wa Tela duk wanda ya zo a ce masa malama ta shigo, kuma yau ba ta da lokacin tashi.

Kwanakin da suka rage, jika da kaka suka yi su a shago. Ita take zaɓen darasi, ita take tsayar da malama, in yatsa ya kauce ta kama shi ta lanƙwasa ba tausayi, wani lokaci har da ɗan duka a bayan hannu. Ya ce lallai sunan bai ɓata ba, haka mai sunan take. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ya shiga da safe, rabi ya zube kafin azahar. Ya samu alamun uba, uwa, makaranta, so, gobe, da wasu 'yan kaɗan, su ma suna rawa.

Ana gobe komawa, da yamma, aka zauna a tsakar ɗakin Direba. Uwar yarinya tana bakin ƙofar kicin, ta riƙe tsumma ba ta goge komai. Mai-guga ya gaida jikarsa, ta amsa. Ya tambayi lafiya, ta amsa. Ya tambaye ta makaranta, ta ba shi amsa a hankali yadda za a ba yaro, duk da haka ya kama ɗaya ya saki biyu. Ya ce ta ce tana so, da wani abu game da gobe, sauran ya wuce shi. Ya laluba aljihu zai ciro waya.

Direba ya ce, cikin ladabi amma ba sassauci, "Baba, wannan gaisuwa ce, ba hira ba. Ka yi ƙoƙari, amma ka gani da idonka."

Tsohon ya zare hannu daga aljihu, don gaskiya ce. Uwata tana kallon bakunansu, ta dubi wannan ta dubi wancan. Sai ta tashi ta je gaban ubanta ta tsaya, ta yi alamar nan da ta yi ta yi masa ranar da ta dawo, ta nuna shi, ta jira.

Wannan kam Mai-guga ba ya bukatar waya. Ya yi ta sau ba adadi, shi da malama mai shuɗiyar riga.

"Tana tambayar sunanka."

Direba ya ce wane irin suna kuma, ai yana nan a rubuce jikin akwatinta.

"To akwatin ta tambaya? Kai ta tambaya. Tun ranar da ta dawo take tambayarka, kana ce mata ta ci abinci. Ga ta nan. Amsa mata da irin taku."

Direba ya ɗaga hannu. Zo ne a ciki, da ci, da bari, da kwanta. Ya duba duk bai ga wanda zai ba ta ba, hannun ya tsaya a iska. Yarinyar ba ta matsa ba, ba ta kuma sauke ido ba. Can sai ya kamo tafin hannunta ya buɗe, ya sa yatsa yana rubuta baƙaƙen sunansa ɗaya bayan ɗaya. Tana bi da ido, tana mayar da kowane baƙi da yatsunta yadda aka koya mata. Da ya gama ta haɗa su gaba ɗaya, ta nuna shi. Sannan ta nuna kanta ta yi nata.

Mai-guga ya ce, "Wannan karatun da ta yi yanzu, a ɗakin nan ta koye shi?"

Uwar ta shige kicin. Tsohon ya miƙe yana dafa gwiwa, ya ce shi dai kaya suna shago a goge, gobe da safe zai kawo su, in babu mota a gidan nan akwai a tasha, kuma ƙafarsa ba ta mutu ba.

Bai kai ga ɗaukar akwati ba. Da safe yana cikin sauke kayan daga igiya ya ji hon a bakin layi, irin na da. Uwata tana gidan gaba, akwati a baya. Direba bai ce ya yarda ba, bai ce an kayar da shi ba, ya dai karɓi kayan ya shimfiɗa su a kujera yadda kari ba zai karye ba.

Har yanzu Mai-guga bayan la'asar yake zama darasi. Mai gyaran waya ya gaya masa ko da asuba ya taɓa, malama za ta fito, ya ce ya sani, amma mutum ba ya saɓa lokacin da ya yi da malaminsa. Sai dai yanzu kujerar tana kusa da wayar, yana tsayar da malama ya mayar da ita baya yadda ya ga dama, har yakan ba ta haƙuri in ya yawaita. Ya wuce darasin 'yan uwa, yana fama da na kasuwa. Ma'aikacin ofis bai dawo ba, wasu ma sun bi shi, tsohon bai sauya ba.

Direba ya tsiri kawo rigunansa guga da kansa, kuma ko yaushe bayan la'asar yake zuwa, lokacin da ya san dutse a kashe yake. Sai ya tsaya a ƙofa wai yana jira, hannuwa a aljihun wando. Tela ya rantse yana ganin aljihun na motsi duk lokacin da malama ta ɗaga hannu. Da ya faɗa, Mai-guga ya ce masa ya ji da ɗinkinsa, hannun rigar da ya kawo jiya ɗaya ya fi ɗaya tsawo.